Shawara ga masu rubutun mastas a fannin sarrafa ilimi

Salam 'yan uwa. Kafin ka rubuta ko layi ɗaya na babi na farko, fara nemo wurin da za ka tattaro bayananka, ka tabbatar sun yarda.

Fannin nan, wato nazarin yadda ake tattara ilimi, a adana shi, a raba shi a wurin aiki, rabinsa ba a takarda yake ba, a cikin kawunan mutane yake. Leƙa marinar Ƙofar Mata da ke Kano ka gani, dattijo zai kalli ruwan baba kawai ya san ya yi ko bai yi ba, kuma ba a littafi ya koya ba, to irin wannan ilimin takardar tambayoyi ba za ta ciro maka shi ba, sai ka zauna da mutum kun yi hira.

Ni sai da na gama babi uku wata ma'aikata ta hana ni ganin ma'aikatanta, wata huɗu suka tafi a banza, wallahi har yau abin yana min ciwo.

Karɓi takardar gabatarwa a sashenku, su kuma mutanen wurin da za ka tattaro bayanan su ba ka amincewa a rubuce.

Amma fa in an canja shugaban wurin, sabon zai iya cewa bai san zancen ba, shi ya sa ka riƙe wuri na biyu tun yanzu.