Yadda Malami Zai Tsara Darasin Motsa Jiki a Aji Mai Cunkoso

A makarantun firamare da dama na Maradi darasin motsa jiki yana nan a jadawali, amma idan lokacinsa ya yi, abin da aka fi gani shi ne a jefa wa yara maza ƙwallo guda ɗaya, ƴan mata kuma su zauna gindin dogon yaro suna kallo har lokaci ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kowace rana na motsin da zai sa numfashinsa ya ƙaru. Makaranta ba za ta ɗauki wannan nauyi ita kaɗai ba, amma tana da babban kaso a ciki. Ma'aunin da na fi amincewa da shi mai sauƙi ne: malami ya tsaya a tsakiyar darasi ya ƙirga yaran da ke motsi da waɗanda ke jiran a zo kansu. Idan masu jira sun fi yawa, to tsarin yana bukatar gyara.

A fara da zaɓen lokaci. Shekarar karatu tana kamawa daga Oktoba zuwa Yuni, kuma daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, saboda haka a bazara darasin ya zama na farko da safe, kafin yashi ya ɗauki zafi. A ranar da hunturu ya taso da ƙura har ba a hangen bakin fili, gara a yi motsin cikin aji. Kafin a fara, yara su jeru kafaɗa da kafaɗa su ratsa filin sannu a hankali suna tsince tsaida da ƙarangiya da fasassun kwalabe da ƙusoshi, domin yawancinsu sai sun tuɓe silifa suke gudu. A shata iyakar fili da toka, a ajiye jarkar ruwa da moɗa a inuwa.

Maganin cunkoso shi ne rarraba yara. Aji mai ɗalibai 80 a kasa shi rukuni takwas, kowane rukuni da shugabansa, a riƙa sauya shugabancin kowane mako domin ya zaga kan maza da mata. A darasin minti 30, minti biyar na farko na ɗumama jiki ne da sassarfa da juya gaɓoɓi. Daga nan a buɗe wurare huɗu, rukuni biyu a kowanne: tsallen igiya, gudu tsakanin gwangwanayen tumatir da aka cika da yashi, jifa da ƙwallon tsumma cikin tsohuwar taya, da kuma langa. Duk minti biyar malami ya hura usur a yi musaya. Minti biyar na ƙarshe a yi tafiya a hankali, a miƙe jiki, a sha ruwa. Satin farko za a sha hayaniya, wannan tabbas ne, amma da zarar yara sun gane zagayen, malami zai samu damar tsayawa ya gyara wa wanda bai iya dira daga tsalle ba.

Ina ganin bai kamata a raina wasannin gida ba, domin yara sun riga sun san dokokinsu, ba sai an ɓata lokaci wajen bayani ba. Langa, wadda ake yi da ƙafa ɗaya an riƙe ɗayar da hannu ta baya, tana koyar da daidaiton tsayuwa da ƙarfin cinya, sai dai malami ya tilasta sauya ƙafa a kowane zagaye, ya kuma haɗa yara masu girman jiki ɗaya. Kokawa kuwa ba sai an tallata ta a Maradi ba, garin Kantu, ɗan kokawar da ya lashe gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975. A makaranta a taƙaita ta ga turereniya cikin da'ira a kan yashi mai laushi, ba ɗaga abokin karawa sama, ba kama wuya, kuma a gaisa kafin kamu da bayansa. Akwai wani aibi a wasanni da yawa da ya kamata a lura da shi: wanda aka kayar yakan fita ya zauna, alhali mai rauni ne ake fara kayarwa, shi ne kuma ya fi bukatar motsin. A sauya dokar, wanda ya faɗi ya zagaya fili sau ɗaya ya dawo cikin wasa.

Ƴan mata, musamman na CM1 da CM2 (aji biyar da shida), sukan ja baya saboda kunya da sutura. Malama ta tattauna da iyaye mata ta hanyar kwamitin makaranta, a amince yarinya ta sa wando a ƙarƙashin zane, ta soke bakin hijabinta yadda ba zai harɗe ta ba, a kuma ware musu gefen fili nesa da idon masu wucewa. Gaɗa da ƴar gala-gala mafari ne mai kyau, amma kada a tsaya nan, su ma a ba su gudu da jifa.

Motsin bai kamata ya tsaya a darasi ɗaya ba, domin yana taimaka wa sauran darussa. Ga ƴan CI da CP (aji ɗaya da biyu), a zana layin lambobi daga 0 zuwa 20 a ƙasa. Idan aka ce bakwai a tara da biyar, yaro ya tsaya kan 7 ya yi tsalle biyar yana ƙirgawa, ya ga inda ya sauka. Ƴan CE (aji uku da huɗu) su riƙa faɗin jadawalin ninkawa tare da tsallen igiya. Manya kuma a zana musu taswirar Nijar a kan yashi da jihohinta takwas, a tsayar da yaro a Maradi a ce ya tafi gabas, ya taka zuwa Damagaram, a ce yamma, ya nufi Tawa, a ce kudu, ya tsallaka iyakar Najeriya. Sharaɗin shi ne a koma aji nan take a rubuta abin a allo, in ba haka ba wasan za a tuna, a manta da darasin.

Kada malami ya mayar da gudu ko tsallen kwaɗo horo, domin yaron da aka saba azabtarwa da motsa jiki zai tsane shi. Ya kuma tambayi iyaye tun farkon shekara ko akwai mai sikila ko asma ko farfaɗiya, ya sa ido a kan wanda ya zo bai karya kumallo ba da manyan da ke azumi. Duk yaron da ya yi kukan jiri ko ciwon kai a tsayar da shi nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwa idan yana cikin hayyacinsa, idan bai warware ba a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Wanda likita ya hana shi gudu a ba shi usur ko ƙirgar maki, mai lalurar ƙafa kuma a sa shi a rukunin jifa inda zai yi wasa a zaune.