Yadda ake rubuta bayanin fulogin na QGIS kafin ka ɗora shi

Ba zan tsaya koya maka Python ba, in har ka haɗa fulogin, wato ɗan ƙarin da ake girka wa manhajar taswira ta QGIS, to ka wuce nan. Abin da nake gani wajen yaran da ke zuwa wajena koyon taswira a nan Jos shi ne, mutum zai kwana yana rubuta kod, abu ya yi aiki a kwamfutarsa, sai ya rubuta layi biyu na bayani ya ce ai ya gama. To wanda zai sauke shi a Kano ko Nairobi ba ya cikin kanka fa.

Fara da fayil ɗin metadata.txt, shi ne ake fara gani in an buɗe jerin fulogin a cikin QGIS. Layin farko [general] ne, sannan name, version, author, email, description, about, repository da qgisMinimumVersion, kuma ka ajiye shi a UTF-8 in ba haka ba sunanka mai ƙ ko ɗ zai fito kamar rubutun aljanu. A description layi ɗaya ya isa, me abin yake yi, shi ke nan. Wajen about ne za ka ɗan saki jiki, kuma da Turanci ake so, Hausar ka kai ta README, fayil ɗin cikakken bayani. Abu ɗaya da yake ba ni haushi, in da Plugin Builder, mai kafa maka tushen fulogin, ka fara, za ka tarar an riga an sa 3.0 a qgisMinimumVersion, wato mafi tsufan QGIS da fulogin zai yi aiki a kai, mutane sai su bar shi a haka, alhali 3.0 tun 2018 ta fito kuma ba su taɓa gwadawa a kanta ba. Wadda ka gwada da hannunka ita za ka rubuta, in 3.34 ce ka sa 3.34.

Yanzu README, kuma a nan ne na sha kunya. Na taɓa haɗa wani ƙaramin fulogin da yake ƙirga gidajen da ke cikin mita 200 daga bakin kududdufin da haƙar kuza ta bari, irin waɗanda ke wajen Bukuru da Rayfield. A wajena lafiya lau yake aiki saboda duk datata tana kan tsarin awo na EPSG:32632, wato UTM zon 32 ta arewa, inda ake awo da mita. Na ba wani abokin aiki, shi kuma wuraren da ya ɗauko daga wayarsa suna kan EPSG:4326, wato WGS 84, wadda take awo da digiri. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, shi kuwa fulogin ya ɗauki 200 ɗin nan a matsayin digiri 200. Sai ga kira da yamma, “Malam, abinka ya ce duk gidajen Bukuru a bakin ruwa suke, har da namu.” Wallahi kwana biyu muna tonon kod muna neman kuskure, ashe kod ɗin ba shi da laifi, ni ne ban rubuta ko'ina cewa sai data mai mita ba.

Tun daga ranar, dokata ita ce kafin ma bayanin yadda ake girkawa, a saman README ka rubuta irin datar da fulogin yake ci: ɗigo ne, layi ne ko fili, wane tsarin awo, da sunan ginshiƙin da yake nema a tebur. Mu a Najeriya akwai ƙarin tarko, tsofaffin takardun safiyo da yawa a kan tsarin awo na Minna aka yi su, misali EPSG:26392 na tsakiyar ƙasa wanda Jos da Abuja ke ciki, in ka ɗora su kan WGS 84 ba tare da juyawa ba sai filin mutum ya goce da mitoci masu yawa ya shiga na maƙwabci. Ka faɗa ƙarara ko fulogin ɗinka yana juyawa da kansa ko mai amfani ne zai juya. Sannan ka sa ƴar datar gwaji, ɗigo goma ma sun isa, tare da amsar da ya kamata ta fito, don mutum ya gane ko matsalar tasa ce ko taka.

Hoto biyu ko uku na allon ya wadatar, ka matse su, kowa ya san kuɗin data yanzu. Bidiyo kuwa ni ban ga amfaninsa ba, da ka sauya maɓalli ɗaya ya zama tsohon yayi. Ba sai ka sayi shafin intanet ba, README na GitHub kyauta ne, shi za ka sa a layin homepage na metadata.txt, shafin kai ƙorafi kuma a tracker, amma ka danna kowanne ka tabbata yana buɗewa don masu duba fulogin kafin a amince da shi ƴan sa-kai ne kuma suna dannawa.

Sauran ba wuya. Ka sa fayil ɗin LICENSE da ya dace da lasisin GPL, ka rubuta abin da ya sauya a changelog duk lokacin da ka ƙara lambar version, in abin bai gama kammaluwa ba ka sa experimental=True a metadata.txt. Ka naɗe folda guda ɗaya a zip, ka cire __pycache__ da sauran tarkace, ka buɗe asusun OSGeo, da shi ake shiga plugins.qgis.org, ka ɗora a can, sai jiran amincewa.