Yadda Ake Tantance Ire-iren Ayon da ke Cikin Dunƙulen Filasma a Wutsiyar Maganadisu

Ɗalibin fiziks da ke zaune a Jos ba ya bukatar na'urar hangen taurari kafin ya yi wannan aiki na tantance ayon, wato ƙwayoyin zarra masu ɗauke da cajin lantarki, domin bayanan da taurarin ɗan'adam suka tattara suna nan kyauta a rumbun CDAWeb na hukumar NASA. Kwamfuta da ɗan sanin harshen shirya manhaja na Python sun wadatar, sai dai fayilolin suna da nauyi, saboda haka gara a fara da bayanan yini guda kafin a ƙona kuɗin data a banza.

Iskar rana, wato ƙwayoyi masu caji da rana ke fesowa, tana matsa maganadisun duniya har ya miƙe kamar wutsiya a ɓangaren dare. Idan layukan maganadisun suka tsinke suka sake haɗuwa a cikin wutsiyar, sai dunƙulen filasma (iskar gas mai ƙwayoyi masu caji) ya ɓalle, ya nufi nesa da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. Shi za a fara nemowa. A zana Bz, wato ɓangaren maganadisun da ke nuna arewa ko kudu, tare da gudun filasmar. Inda Bz ya karkata arewa sannan ya juye kudu cikin 'yan mintoci, filasmar kuma tana gudu nesa da duniya, to an sami abin da ake nema.

Daga nan sai a zaɓi na'urar da ke bambance nauyi: CODIF da ta yi aiki a kan taurarin Cluster na Turai, waɗanda aka harba a 2000, ko HPCA da ke kan taurarin MMS na NASA, da aka harba a 2015. Kada a yi amfani da FPI, wata na'urar da ke kan MMS, duk da saurinta, domin ba ta raba ayon bisa nauyi. Asalin kowane ayon yana bayyana daga nau'insa: He++ (ayon na hiliyam) daga iskar rana yake zuwa, O+ (ayon na oksijin) kuwa daga saman sararin samaniyar duniya yake tasowa, kuma yakan ƙaru sosai lokacin guguwar maganadisu. Don haka a duba Dst, ma'aunin ƙarfin guguwar maganadisu, na cibiyar Kyoto ta Japan na wannan rana.

A nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, domin sukan ƙirga yawan ayon su tsaya. Nauyin O+ ya ninka na furoton (ayon na haidurojin) sau 16. Idan cikin ayon 100 akwai O+ guda 10 da furoton 90, nauyin oksijin ya zama 160, na furoton kuma 90. Ke nan kashi 10 na adadi ya ɗauke kashi 64 na nauyi. Wannan nauyi yana rage gudun Alfvén, wato saurin da motsi ke ratsa filasma a kan layukan maganadisu, wanda sake haɗuwar layukan maganadisu ke tafiya da shi, shi ya sa a ganina duk rahoton da ya kawo adadi ba tare da nauyi ba rabin aiki ne.

Haka kuma, kada a amince da sunan da aka liƙa wa kowane layin bayanai. Na'urorin suna auna nauyi ne a raba da caji, ta hanyar lokacin da ayon ya ɗauka yana ratsa ɗan tazara a cikinsu, kuma furoton, saboda yawansa, yakan malala cikin layin He++. Idan layin biyu suna hawa da sauka tare sak, a yi zargin gurɓata.

Wanda ya koma kan bayanan kumbon Juno a duniyar Jufita zai tarar da matsalar ta fi tsanani. Watan Jufita mai suna Io yana zubar da kusan tan guda na iskar gas a kowace daƙiƙa, mai ɗauke da farar wuta da oksijin, kuma O+ da S++ (ayon na farar wuta) duk 16 suke bayarwa idan aka raba nauyi da caji, don haka a rahoto a rubuta su tare.