Yadda Ake Duba Idon Kare da Wanke Shi a Gida

Ɗan karce a idon kare yana iya zama gyambon da zai huda ido cikin 'yan kwanaki, kuma sau da yawa maganin ɗigawa da aka sayo a kemis ba tare da sanin abin da ke cikinsa ba ne yake ƙarasa ɓarnar. Don haka dubawa ce gaba da magani.

Da farko, a tanadi kaya: tocila, auduga mai tsabta, sirinji mai cin mil 10 ko 20 wanda aka cire wa allura, da ruwan gishiri na asibiti mai kashi 0.9, irin na ƙarin ruwa. In babu, a tafasa rabin lita na ruwa, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, a bari ya huce. Wanda ya kwana a zubar. A ɗaure bakin karen da takunkumi ko tsumma mai laushi, domin ciwon ido na sa kare mai haƙuri ya kai cizo. Idan kuwa yana dalalar da yawu, halinsa ya sauya, kada a taɓa shi sam. A yi zargin ciwon hauka, a kira likitan dabbobi.

Na biyu, a duba daga nesa kafin a kai hannu. Ido ɗaya ne ko biyu? Ido ɗaya da yake runtsewa yana hawaye, galibi rauni ne ko wani abu ya faɗa: ƙaiƙayi, ƙarangiya, ƙurar hunturu, ko yakushin mage. Ido biyu masu kwantsa tare da majina, tari da ƙin cin abinci, musamman a kwikwiyo, alamar distemfa ce, wata cuta mai yaɗuwa tsakanin karnuka, kuma wannan ta wuce maganar ido. Rigakafinta ana fara shi daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har kwikwiyon ya kai mako 16.

Na uku, a shiga inuwa, a ɗaga fatar ido ta sama da babban yatsa, a ja ta ƙasa, a haska tocila daga gefe. Saman ido mai lafiya sumul yake, yana sheƙi. Ga abin da ake iya tararwa.

Tsoka ja kamar ƙwayar gyaɗa a lungun ido ta wajen hanci. Kare yana da fatar ido ta uku, a gindinta akwai wata ƙwaya da ke samar da kusan sulusin hawayensa. Ita ce ta zamo ta fito, kuma an fi ganin haka a karnukan da ba su kai shekara 2 ba. Kada a yarda kowa ya yanke ta. Mayar da ita ake yi a ɗinke, domin yankewa kan bar kare da bushewar ido har ƙarshen ransa.

Kwantsa mai kauri da yauƙi wadda ke dawowa ko an goge, ido ya dushe ba sheƙi. Bushewar ido ce. Likita zai saƙala wata siririyar takarda a fatar ido minti 1. Jiƙewar milimita 15 zuwa sama lafiya ce, ƙasa da 10 kuwa cuta ce.

Ido ya yi jawur, ya yi shuɗi-shuɗi, tsakiyarsa ta buɗe ba ta tsukewa da haske, karen yana ɓoye kai. Wannan hawan jinin ido ne, ruwan cikin ido ya kasa fita. A kai shi a ranar, don gani kan tafi cikin kwana 1 ko 2 kuma ba ya dawowa.

Hazo a can cikin ido. A tsohon kare da ya haura shekara 7, shuɗin hazo daidai a ido biyu tsufa ne, yana gani. Fari fat kamar alli kuwa yanar ido ce; in ta zo da sauri tare da yawan shan ruwa da fitsari, a gwada ciwon suga. Karen farauta da ya dawo daga dajin da ke da tsando, idonsa ya yi hakiya, ga zazzaɓi da rama, a gwada jininsa: sammore na kama kare, cutar kaska ma na taɓa ido.

Na huɗu, wanki. A ɗaga kan karen kaɗan, a tsiyaya ruwan a hankali daga gefen idon da ke wajen kunne, bakin sirinji nesa da ido kamar faɗin yatsa biyu. A jiƙa busasshiyar kwantsa minti 1 kafin a goge, kowane ido da audugarsa. Abin da ruwa bai fitar ba, kada a bi shi da tsinke ko farce. Idan gamsheƙa ce ta tofa masa dafi, ba a jiran ruwan gishiri: a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 zuwa 20, sannan a nufi asibiti.

Na biyar, magani, kuma nan ne ake yawan kuskure. Duk maganin ido da aka rubuta dexamethasone, betamethasone, prednisolone ko hydrocortisone a jikinsa, kada ya shiga idon kare sai likita ya ɗiga rinin da ke mayar da gyambo kore ya tabbatar babu rauni. Irin wannan magani yana rage ja, mai kare ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali ya hana raunin warkewa ya kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, har saman idon ya narke. Kwalli, ruwan taba da ruwan ganye su ma ba su da wuri a nan.

In likita ya rubuta magani, a tallabo haɓar karen, a zo da kwalbar ta bayan kansa don kada ya zabura, a ɗiga ɗigo ɗaya. Ido ba ya riƙe fiye da haka. Magani biyu a ba su tazarar minti 5, na ruwa kafin na shafawa, na shafawar kuma tsawon ƙwayar shinkafa ya isa. A sa masa mazurarin wuya don kada ya sosa, ko a yanke gindin bokitin roba a ɗaura a madaurin wuyansa, bakin ya ɗan wuce hancinsa. Rauni mara zurfi kan warke cikin kwana 5 zuwa 7. Idan an ga rami a saman idon, ko har yanzu yana runtse shi bayan kwana 2 da fara magani, a koma da shi wurin likita a ranar.