Yadda za ka koya wa manhajarka karanta farko da ƙarshen lokaci a layin umarni

Idan sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, ta yi nauyi cikin dare, tambayar da ake yi wa mai kula da ita da safe ɗaya ce: me ya faru tsakanin ƙarfe biyu da uku? Shi ya sa manhajojin sa ido kan aikin kwamfuta ke ba da damar yanko wani ɓangare na lokaci. A `sar` ana amfani da `-s` da `-e`, a `journalctl` kuma `--since` da `--until`. Amma in kana rubuta taka manhajar, tsarin da ya fi dacewa ka kwaikwaya shi ne na Performance Co-Pilot, wadda aka fi sani da PCP, wadda ta samo asali daga kamfanin SGI. Ga misali:

`pmval -a rumbu -S @02:00 -T 1h kernel.all.load`

Ma'ana, a nuna nauyin aikin na'urar daga rumbu, wato fayil ɗin da aka adana bayanan aikinta, a fara daga ƙarfe biyu (`-S`), a tsaya bayan awa ɗaya (`-T`).

Mataki na farko, kada ka yi gaggawar fassara komai. Yayin da kayan aikin karanta zaɓuɓɓuka, wato `getopt_long` na yaren C ko `argparse` na yaren Python, ke bin layin umarni, ka ajiye abin da aka rubuta bayan `-S` da `-T` yadda yake, a matsayin rubutu. Dalili kuwa, mutum na iya sa zaɓin yankin lokaci a can ƙarshen layi, kuma sai ka san yankin sannan "02:00" take da ma'ana. Haka nan sai ka buɗe rumbun bayanan sannan za ka san inda ya fara da inda ya ƙare.

Na biyu, ka tsayar da agogon da za a bi. Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Agogon Najeriya da na Nijar suna gaban UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, ba sa canzawa rani da damina, amma sabobi da yawa a kan UTC ake saita su. Wanda ke Kano ya rubuta @02:00, ƙarfe biyun wa yake nufi, nasa ko na sabar? PCP ta raba gardama da zaɓi biyu: `-z` ya bi agogon na'urar da aka ɗauko bayanan daga gare ta, `-Z` kuma kai za ka faɗi yankin. In sabar a Jamus take, abin ya ƙara rikicewa, domin a Lahadin ƙarshe ta Maris agogo kan tsallake daga ƙarfe biyu zuwa uku, a Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma awar nan ta biyu zuwa uku sau biyu take zuwa. Kada ka ce za ka yi wannan lissafi da hannu. A Python akwai `zoneinfo` tun siga ta 3.9, ka ba ta suna irin `Africa/Lagos` ko `Europe/Berlin`. A C, ka sa `tm_isdst` ya zama -1 kafin ka kira `mktime`, ita za ta gano da kanta.

Na uku, ka dubi harafin farko na rubutun, shi zai nuna maka hanya. In `@` ne, takamaiman lokaci ake nufi. In alamar cirewa ce, kamar `-30m`, daga ƙarshen rumbun za a lissafo baya. In lamba ce kawai, tazara ce da za a ƙara: a `-S` a kan farkon rumbu, a `-T` kuma a kan mafarin da aka samu.

Karanta tazarar ba wuya: lamba, sai ma'auni, a maimaita har rubutu ya ƙare, a haɗa jimilla. `1h30m` daƙiƙa 5400 ke nan. Minti ɗaya daƙiƙa 60 ne, awa 3600, kwana 86400, in babu ma'auni a ɗauka daƙiƙa ce. Shawarata, kada ka karɓi wata ko shekara a matsayin ma'auni. Fabrairu da Maris ba tsawonsu ɗaya ba, kuma harafin `m` ya riga ya zama na minti.

Akwai wani ɗan tarko a nan. `getopt` ba ruwanta, duk abin da ya biyo bayan `-S` za ta miƙo maka, amma `argparse` a sigogin Python da dama takan ɗauki `-30m` a matsayin wani sabon zaɓi, sai ta ƙi aiki. Maganinsa a yi amfani da dogon sunan `-S`, a haɗe su da alamar daidai: `--start=-30m`. Ka rubuta wannan a cikin bayanin taimakon manhajar.

Wajen kwanan wata, ka tsaya a kan tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana: 2024-03-04. Rubutu irin 03/04 kuwa ka ƙi shi, don a Amurka 4 ga Maris ne, a wajenmu 3 ga Afrilu.

Na huɗu, ka mayar da komai lamba ɗaya, wato adadin daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970 a agogon UTC, kuma ka adana ta a ma'aji mai bit 64, domin mai bit 32 zai cika ranar 19 ga Janairu 2038. Jerin aikin ma yana da muhimmanci: farko kafin ƙarshe, tunda `-T 1h` daga mafarin da aka samu ake lissafa shi, ba daga farkon rumbu ba. In ka tanadi zaɓi irin `-A` na PCP, wanda ke tura mafari gaba zuwa cikakken minti ko awa, a wannan gaɓar yake shigowa.

Sai tantancewa. In mafarin ya riga rumbun, ka matso da shi zuwa farkon rumbu. In ƙarshe ya zo kafin farko, kamar `@23:00` zuwa `@01:00` ba tare da kwanan wata ba, ka yanke hukunci guda: ko ka ɗauka gobe ake nufi, ko ka tsaya da saƙon kuskure. Ni na fi son tsayawa, tare da nuna ainihin rubutun da ya gagara da misalin daidai. Ko ma babu kuskure, manhajar ta buga lokutan biyu da ta fahimta, da sunan yankin, a saman sakamakon.

Wajen gwaji, ka sa aikin fassarar ya karɓi "yanzu" daga waje maimakon ya tambayi agogon na'ura, sannan ka gwada shi da tsakar dare, da 29 ga Fabrairu 2024, da daren da Turai ke sauya agogo.