Yadda ake haɗa fudin ɗin ayaba a gida tun daga tushe

Fudin ɗin ayaba kayan zaƙi ne da ya yi fice a jihohin kudu na ƙasar Amurka, irin su Jojiya da Alabama da Tenesi, inda da wuya a yi taron dangi ko wata walima ba a ga kwanonsa a kan tebur ba. Ayaba ba amfanin gonar yankin ba ce. A ƙarshen ƙarni na 19 ne jiragen ruwa suka fara sauke ta da yawa a tashoshi irin ta New Orleans daga Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan, har ta yi arhar da kowa zai iya saya. Da farko da yankakken kek ake jera shi, daga baya ƙananan biskit masu ƙamshin banila suka maye gurbinsa, musamman bayan da kamfanin Nabisco ya fara buga yadda ake haɗin a jikin kwalin biskit ɗinsa. A yau garin Centerville da ke jihar Tenesi yana gudanar da bikin wannan fudin duk shekara.

Abu uku ake jerawa hawa-hawa: biskit, ayaba, da kastad. Biyun farko ba su da wahala, saboda haka ingancin aikin gaba ɗaya yana kan kastad ɗin. Garin kastad na gwangwani da aka saba damawa da safe, wanda wani mai haɗa magunguna mai suna Alfred Bird ya ƙirƙiro a Birmingham ta Ingila a 1837 domin matarsa da ƙwai ba ya karɓarta, sitaci ne da kala da ƙamshi kawai. Wanda ake bukata a nan shi ne na gwaiduwar ƙwai da madara, kuma a ganina duk wanda ya ɗanɗana shi sau ɗaya ba zai ƙara yarda a yi masa fudin da na gwangwani ba.

Domin kwanon da zai ishi mutum 8, a tanadi madara mililita 750, wato kimanin kofi 3, da gwaiduwar ƙwai 4, da sukari giram 150, da sitacin masara da ake kira kwanfulawa babban cokali 4, da bota babban cokali 2, da gishiri ɗan kaɗan, da ƙamshin banila ƙaramin cokali 2, da ayaba 4 ko 5, da biskit kimanin giram 300. Idan madarar gari ce a hannu, a dama giram 100 na mai cikakken maiƙo a ruwa mililita 700. Idan ba a sami biskit ɗin banila ba, kowane biskit busasshe mai ɗan zaƙi wanda ba a saka masa kirim a tsakiya ba zai yi. Game da banila kuma akwai abin lura: ruwan banila na asali da giya ake tatso shi, dokar Amurka ma ta shardanta kada giyar ta gaza kashi 35 cikin 100, don haka a karanta jikin kwalba, a zaɓi na gari ko wanda aka rubuta cewa babu giya a cikinsa.

A fara da zuba sukari da sitaci da gishiri a cikin kwano, a gauraya su a bushe, domin ƙwayoyin sukarin su raba garin sitacin kada ya yi gudaji. Sai a saka gwaiduwa da madara mai sanyi kamar rabin kofi, a buga da maburgi har ya yi sumul. Sauran madarar a ɗora ta a tukunya mai kaurin gindi a kan matsakaiciyar wuta, a jira har tururi ya fara tashi, ƙananan kumfa kuma suka kewaye bakin tukunyar, amma kada a bari ta tafasa. Daga nan a riƙa ɗibar madarar mai zafi da ludayi ana tsiyayawa a hankali cikin haɗin gwaiduwar, ɗaya hannun kuma yana bugawa ba tsayawa, har sai an juye kusan rabinta. Dalilin wannan shi ne gwaiduwa tana dunƙulewa idan zafi ya faɗa mata farat ɗaya, amma idan ta ɗumama sannu a hankali sai ta narke cikin madarar.

A mayar da haɗin duka cikin tukunya, a ci gaba da juyawa ana kai maburgin har gindi da kusurwoyi, domin a nan yake fara kamawa. Na ɗan lokaci zai zama tamkar babu abin da ke faruwa, sai kwatsam ya yi kauri kamar kunun da ya nuna, ya fara fitar da manyan kumfa masu fashewa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna saukewa da zarar sun ga kauri don tsoron kada ƙwan ya dahu. Gwaiduwa tana ɗauke da wani sinadari mai suna amilas wanda yake narkar da sitaci, kuma idan zafi bai kashe ƙarfinsa ba, kastad ɗin da aka ajiye da kauri da dare zai wayi gari tsararo. Saboda haka a rage wuta, a bar shi yana tafasa ana juyawa na minti 1 zuwa 2. Sitacin da ke ciki yana kare ƙwan daga dunƙulewa. Bayan an sauke sai a saka bota da banila, a tace da rariya mai laushi, a bar shi ya huce na kimanin minti 10.

Ayabar da ta dace ita ce wadda ɓawonta ya yi rawaya sosai da 'yan ɗigo-ɗigon baƙi, amma cikinta bai yi laɓo-laɓo ba. Wadda ba ta gama nuna ba tana da bauri, wadda ta wuce kuma ruwa take saki. Agade ba ta shiga wannan haɗin. Kada a yanka ayabar sai lokacin jerawa, domin iska ce take sa ta baƙi.

A shafa kastad kaɗan a gindin kwano, a shimfiɗa biskit, a jera ayabar da aka yanka zagaye-zagaye da kaurin rabin santimita a kai, sannan a rufe da kastad tun yana da ɗumi, a tabbata babu yankin ayabar da ya leƙo. A maimaita sau biyu ko uku, kastad ya zama na ƙarshe. A shimfiɗa ledar rufe abinci ta taɓa fuskarsa don kada ya yi fata, a saka a firji aƙalla awa 4. Wannan jiran yana cikin girkin, domin a lokacin ne biskit yake shan danshi ya koma kamar kek, ƙamshin ayaba kuma ya ratsa ko'ina.

Masu bin tsohon salo ba sa zubar da farin ƙwan da ya rage. Suna buga shi a kwano busasshe marar maiƙo, suna ƙara sukari giram 100 kaɗan-kaɗan har ya yi kumfa mai tsayawa da kansa, su shafe saman fudin ɗin da shi tun da zafinsa, su gasa a obin mai zafin digiri 175 a ma'aunin Selsiyas na minti 12 zuwa 15 har saman ya yi ja-ja, a ci da ɗumi. Wanda ba shi da obin sai ya buga kirim ya zuba a kai, ko ya marmasa biskit ya barbaɗa.

Tunda haɗin madara ne da ƙwai, kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32 to awa 1 ne iyakarsa. A firji ya fi daɗi a ranar da aka yi shi da washegari. Daga kwana na uku ayabar takan fara baƙi da sakin ruwa. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, gara a raba ma'aunin gida biyu, a yi daidai abin da za a cinye a zama ɗaya.