Yadda ake muhawara da mai shakkar samuwar Allah ba tare da an kore shi ba

Wata shekara bayan sallar isha'i, a wani ɗan shagon shayi da ke hanyar Ƙuba a nan Madina, wani saurayi ɗan gidan abokin arzikina, wanda aka haifa a garin nan kuma ya haddace izu mai yawa tun yana ƙarami, ya sunkuyar da kai yana jujjuya kofinsa, ya ce mini, "Kawu, akwai abin da nake son tambayarka, amma ka yi mini alkawari ba zai wuce nan ba." Da na yi masa alkawari sai ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, "Idan kuma babu Shi fa?" Abin da na yi a daren nan har yau yana damuna, domin salati na rafka da ƙarfi, na bi shi da faɗa, na tuna masa da wuta da darajar iyayensa da alfarmar garin da yake zaune a ciki. Ya saurare ni cikin ladabi, ya shanye shayinsa, ya yi godiya, kuma ya shafe fiye da shekara bai sake buɗe mini cikinsa ba. Daga wannan kuskure na fara koyon abin da zan shimfiɗa a nan, domin amfanin ɗalibai da iyaye da duk wanda irin wannan tambaya za ta iya riska.

Abu na farko shi ne amana, kuma a ƙasar nan nauyinta ya fi na ko'ina. A watan Maris na 2014 hukumomin Saudiyya suka sanya kira zuwa ga mulhidanci, wato musun samuwar Allah, cikin laifukan da ake ɗauka a matsayin ta'addanci, saboda haka wanda ya furta maka shakkarsa ya damƙa maka 'yancinsa da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, da rufin asirin gidansu gaba ɗaya. Kada ka yi wannan zance a zauren WhatsApp, kada ka naɗi muryarsa, kada ka ɗauki hoton saƙonsa ka tura wa wani da sunan neman shawara. Ka zaɓi wurin da ku biyu ne kaɗai, ka kuma ja kunnensa cikin tausayi kada ya rubuta tambayoyinsa a Facebook ko X. Mutumin da yake tsoron ka ba zai gaya maka ainihin abin da ke ransa ba, kai kuma za ka ɓata dare kana amsa tambayar da ba a yi maka ba.

Bayan haka sai ka gano da wa kake magana, domin ba duk mai tambaya ne mulhidi ba. Akwai mai waswasi, wanda tunanin yake zo masa yana ƙin sa, har yana hana shi barci. Irin wannan ba muhawara yake bukata ba, ya ishe shi ka gaya masa abin da Muslim ya ruwaito, cewa wasu sahabbai sun zo wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, suna kukan cewa suna jin abin da ba za su iya furtawa ba a zukatansu, shi kuwa ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Akwai wanda yake cewa bai sani ba, bai tabbatar ba bai kuma kore ba. Akwai wanda ya yanke cewa babu Mahalicci, yana da hujjojin da ya karanta. Sannan akwai wanda ba hujja ce ta raba shi da addini ba, ciwo ne, ko na rashin wani nasa ko na zaluncin wani mai rawani da ya gani da idonsa. Hanyar rarrabe su guda ce, wato ka yi shiru ka bar shi ya kai aya, sa'an nan ka maimaita masa maganarsa da bakinka har sai ya ce lalle haka yake nufi. Yana da kyau ya san cewa ba shi ne farau ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya faɗa da kansa cewa ya yi kusan wata biyu cikin ciwon shakka kafin Allah Ya yaye masa, kuma Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu domin zuciyarsa ta natsu, kamar yadda ya zo a aya ta 260 ta Suratul Baƙara.

Idan ta tabbata muhawara ce za a yi, to ku fara daidaitawa a kan ma'aunin da ku biyu kuka yarda da shi. Wanda bai yarda akwai Mai saukar da littafi ba, ba za ka rinjaye shi da cewa littafin ya faɗa ba, sai dai ka ɗauko hujjar hankalin da ke cikin ayar ka aza masa a gaba. Dubi aya ta 35 ta Suratuɗ Ɗur, wadda take tambaya ko an halicce su ne ba daga komai ba, ko kuwa su ne masu halittar. Jubairu bin Muɗ'im yana mushiriki ya zo garin nan kan batun fursunonin Badar, ya ji Annabi yana karanta ta a sallar magariba, ya ce zuciyarsa ta kusa tashi sama, alhali bai riga ya yarda wahayi ba ne, tambayar ce kawai ta kama shi. Ku kuma yarda cewa mas'ala ɗaya za a riƙe har a gama ta. Idan ana cikin zancen samuwar Mahalicci ya tsallaka zuwa auren mata huɗu ko rabon gado, ka ce masa wannan yana da ranarsa, ka dawo da shi kan hanya, kuma kai ma kada ka tsallake lokacin da ya matse ka.

Hujjar da na fi ganin amfaninta ita ce wadda ɗaliban zaure a ƙasar Hausa suka daɗe da sani daga karatun tauhidi, cewa duk fararren abu yana da mai farar da shi, duniya kuwa fararriya ce, saboda haka tana da mai farar da ita. Alkindi ya kafa ta a Bagadaza tun ƙarni na 9, Gazali ya ƙarfafa ta bayansa. Na san malaman jami'ar garin nan da yawa ba sa son hanyar ilmul kalam, wato tabbatar da aƙida da hujjojin hankali, sun fi son a tafi ta fiɗira kamar yadda Ibn Taimiyya ya karkata, kuma ina girmama dalilinsu, amma a ganina wanda ya zo maka da tambayar hankali yana da haƙƙin ya sami amsar hankali, ko da fiɗirarsa ce za ta ƙarasa aikin daga baya. Kimiyyar zamani tana da abin cewa a nan. A 1927 Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam kuma masanin lissafi, ya nuna cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, binciken Edwin Hubble na 1929 ya ƙarfafa hakan, a 1965 kuma aka gano burbushin zafin farkon halitta wanda ya cika sarari ta kowace fuska, kuma yau masana suna ƙiyasta shekarun sararin samaniya baki ɗaya da kusan biliyan 13.8. Sai dai ka yi hattara kada ka ɗora wa kimiyya kayan da ba nata ba. Ita tana bayanin yadda abu ya faɗaɗa daga wani yanayi mai tsananin zafi da matsi, ba ta yanke hukunci kan abin da ke bayan wannan ba, kuma shi kansa Lemaître bai ji daɗi ba lokacin da Paparoma ya nemi mayar da bincikensa hujjar addini a 1951.

Ka shirya wa tambayar da ba ta taɓa fashin zuwa ba, wato to wa ya halicci Allah. Mai waswasi an umarce shi ya nemi tsari ya daina bin tunanin, amma abokin muhawara amsa yake jira. Ka tuna masa cewa ba a ce kowane abu yana da mai yin sa ba, cewa aka yi kowane fararren abu. Sannan ka ba shi misalin da duk baƙo a ƙasar nan ya sani. Ka kai takarda ofis, ma'aikaci ya ce ba zai sa hannu ba sai na sama da shi ya sa, na saman ya ce sai nasa na saman, haka har ba iyaka. Da a ce babu wani mudir, wato shugaban ofis, na ƙarshe wanda yake sa hannu ba tare da jiran kowa ba, da takardar ba za ta taɓa fitowa ba, to ga takarda a hannunka da hatimi a jikinta. Wannan shi ne abin da Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kira wajibin samuwa, wanda duk mai yiwuwar samuwa yake jingine da shi. Mai kaifin kai zai ce me ya hana ita duniyar ta zama wajibin samuwar, kuma tambaya ce mai kyau wadda ta cancanci ka yaba masa a kanta. Amsarka ita ce duniya tana sauyawa, tana da sassa masu bukatar juna, kuma hankali bai hana ta kasance a wata siffa daban ba, abin da yake haka kuwa bai tsayu da kansa ba. Ka faɗa masa gaskiya cewa wannan hujja tana kai ku ga Mafari ne wanda ba a fare shi ba, zancen annabci da wahayi kuwa wani zama ne na daban.

Kan tsarin halitta, wanda Ibn Rushd ya ba muhimmanci, ka yi magana da sani ko ka yi shiru. Littafin Darwin kan asalin nau'o'in halittu ya fito a 1859, kuma masu bin nazarinsa ba su ce birin da kake gani ne ya haifi mutum ba, cewa suka yi asalinsu ɗaya. Idan ka jingina musu abin da ba su faɗa ba, yaron da ya karanta ilmin halittu zai daina sauraronka nan take. Tambayar da ta fi ƙarfi ita ce daga ina dokokin da halitta ke tafiya a kansu suka zo, kuma me ya sa hankalin ɗan Adam yake iya karanta su da lissafi.

Inda muhawara ta fi zafi shi ne zancen wahala. Zai ce maka, idan Allah Mai iko ne kuma Mai rahama, me ya sa ɗaruruwan alhazai, cikinsu har da 'yan Najeriya da Nijar masu yawa, suka mutu a turmutsitsin Mina ranar 24 ga Satumba 2015, suna cikin harami suna amsa kiranSa? Kafin ka buɗe baki, ka dubi fuskarsa ka gane ko hujja yake kafawa ko kuka yake yi. Idan hujja ce, kana iya nuna masa cewa rashin ganin hikima ba ya nufin rashin hikimar, kamar yadda Annabi Musa ya kasa haƙuri da huda jirgi a Suratul Kahfi har sai da aka bayyana masa sarkin da ke ƙwace jirage, kuma cewa mai imani bai taɓa ɗaukar duniya a matsayin inda lissafi yake ƙarewa ba. Kana iya tambayarsa kuma a kan wane ma'auni yake kiran zalunci zalunci idan babu komai sai ƙwayoyin zarra masu karo da juna, amma kada ka juya wannan ya zama zargin cewa marar imani ba shi da ɗabi'a, domin zai nuna maka masu gaskiya a cikinsu da maha'inta a cikinmu. Idan kuwa kuka ne, to ajiye falsafa. Ka tuna masa cewa ga maƙabartar Baƙi'a nan kusa da masallacin Annabi, inda aka binne Ibrahim ɗan Annabi yana jariri, kuma mahaifinsa ya zubar da hawaye ya ce ido yana kuka, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da zai yardar da Ubangijinmu. Sau da yawa abin da ya kore shi tun farko shi ne an hana shi baƙin ciki da sunan tawakkali.

Akwai makaman da nake roƙon kowa ya zubar. Labarin cewa ɗan sama jannati Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata a 1969 ya musulunta ƙarya ne, kuma an ƙaryata shi tun yana raye. Hotunan kankana da gajimare masu rubutu, da saƙonnin da ke farawa da cewa masana a Amurka sun tabbatar ba tare da sunan masani ko bincike ba, duk suna cikin wannan kwando. Wayar da ke hannunsa za ta tona su cikin minti biyu, kuma daga nan zai auna sauran maganarka da ma'aunin wannan ƙarya. Haka nan kada ka zage shi ko mutanen da yake karantawa, domin aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama a kan Allah, aya ta 125 ta Suratun Nahli kuma ta umarci a yi jayayya da abin da ya fi kyau. Idan ya kawo abin da ba ka da amsarsa, ka ce ban sani ba, zan bincika. A garin nan Imamu Malik ya zauna yana karantarwa, kuma an san shi da yawan faɗin wannan kalma ga masu tambayar da suka zo daga nesa.

Ka tashi zaman tun kafin murya ta fara ɗagawa, ko da kana ganin saura kaɗan ka kayar da shi, ku sa ranar da za ku sake haɗuwa, ka ci gaba da gaishe shi da kiran sa cin abinci kamar da. Idan wata shubuharsa ta kwana a ranka, ka kai ta wurin malamin da ka amince da iliminsa ba tare da ka ambaci mai ita ba. Shi wancan saurayi, da na je na ba shi haƙuri kan faɗan da na yi masa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Kawu, to mu fara daga inda na tsaya." Mun yi zama huɗu a kan zancen fararren abu kaɗai, kuma tambayar Mina ce muka ajiye wa zama na gaba.